Keken doki, amalanke da taƙama: tambayoyi da amsoshi daga Zariya

Duk shekara bayan hawan Sallah, idan ƙura ta lafa a Ƙofar Fada aka mayar da dawaki turke, sai tambayoyi su taso a majalisarmu. Wasu daga ɗaliban da suka zo kallo daga Samaru da Kongo suke fitowa, wasu kuma daga 'ya'yanmu da suka ga sarkin Ingila cikin keken zinariya a waya, suka ce mu ina namu. Na tattara waɗanda aka fi maimaitawa, na amsa su gwargwadon abin da na karanta da abin da na tashi na tarar a cikin birni.

Mene ne bambancin keken doki, karusa da amalanke?

Keken doki na ɗaukar mutane ne. Yana da kujeru, wani da rumfa, wani a buɗe, dawaki na jan sa. Karusa an fi jin ta a labaran mutanen dā, ita ce mai ƙafa biyu da ake yaƙi a kanta a tsaye, irin ta Fir'aunonin Masar. Da aka buɗe kabarin Tutankhamun, wanda aka gano a 1922, guda shida aka tarar a ciki. Amalanke kuwa ta kaya ce, ko shanu su ja ta, ko jaki, ko mutum ya tura. Ita ce tamu ta yau da kullum.

Me ya haɗa abin hawa da tafiyar mutum har aka haɗa su a wannan rubutun?

A Turanci kalma ɗaya ce, wato "carriage", ke nufin keken doki da kuma yadda mutum yake riƙe jikinsa idan yana tsaye ko yana tafiya. Mu ba mu da irin wannan kalmar a kan keke, amma muna da ita a kan doki. Taƙama sunan tafiyar doki ce, wadda yake ɗaga ƙafa a hankali yana ajiyewa kamar yana auna ƙasa, ta bambanta da sassarfa da sukuwa. Ita ce kuma muke faɗa wa mutum idan yana tafiya yana ji da kansa. Ka ga harsunan biyu sun lura da abu guda: abin da ya ɗauko mutum da yadda mutum ya ɗauki kansa suna tafiya tare, kuma masu kallo duka biyun suke karantawa kafin ya buɗe baki.

Da gaske ne kakanninmu ba su san abin hawa mai ƙafa irin ta keke ba?

Wannan ita ce tambayar da ta fi sosa ran matasa, domin sukan yi ta da ɗan jin kunya, kamar an kama kakanninsu da gazawa. Babu abin kunya a ciki.

A duwatsun Sahara, a yankin Tasili na Aljeriya da Fazzan na Libiya, har zuwa duwatsun Azbin, akwai zane-zanen karusai da dawaki ke ja, waɗanda suka haura shekara 2000. Marubucin Girka Hirodotus ya ambaci mutanen Fazzan masu karusar dawaki huɗu. Wato an san abin a arewa da mu tun da daɗewa. Da raƙumi ya yaɗu sai aka yi watsi da karusa, domin raƙumi ba ya neman a share masa hanya, ba ya kafewa a rairayi, ba shi da ƙarfen da zai karye a tsakiyar daji.

A ƙasar Hausa lissafin ya fi haka sauƙi. Keke sai da hanya mai faɗi, shimfiɗaɗɗiya, da gada a kan kowane rafi. Ka tuna yadda Kubanni da Galma suke cika da damina, ka tuna laka da fadamun ƙasar Zazzau. Bafatake mai zuwa Gwanja sayen goro zai ratsa ɗaruruwan irin waɗannan. Jaki da mangalarsa, takarkari da taikinsa, ɗan dako da gammonsa, duk suna bin turba mai faɗin taku biyu su wuce. Idan kuma aka nausa kudu, ƙudan tsando na kashe doki da sa, to wa zai ja keken? Madugun da ya zaɓi jakuna ya yi wa ayarinsa lissafin riba ne, kuma lissafinsa daidai ne a zamaninsa. Sarakunan Dahomey sun samu kekunan Turawa ta bakin teku, amma ado suka zama na ranar biki, mutane ne ma suke jan su.

To yaushe ƙafar ƙarfe ta shigo Zariya?

Da jirgin ƙasa ta shigo da ƙarfinta. Layin dogo da ya taso daga Baro ya ratsa Zariya ya isa Kano a 1911, kuma a gefen tashar ne Sabon Gari ya tashi. Daga nan aka ja ƙaramin layi zuwa Jos da Bukuru saboda kuza, aka gama shi a 1914, aka rufe a 1957. Wani layin ya nufi Gusau da Ƙauran Namoda. Saboda haka Bazazzagi da yawa ɗakin tafiya na farko da ya taɓa shiga tarago ne, bai taɓa ganin keken doki ba. Mun tsallake wani zango da Turai ta shafe ƙarnuka a cikinsa.

Amalanken shanu ta biyo bayan garmar shanu. Tun wajen ƙarshen shekarun 1920 ma'aikatan gona, waɗanda cibiyar bincikensu take Samaru tun 1922, suka riƙa koya wa manoma noma da bijimai. Wanda ya mallaki bijimai biyu da karkiya, da rani ba zai bar su suna cin harawa a banza ba. Sai ya haɗa musu amalanke, su kai taki gona da bazara, su kwaso dawa da auduga da kaka.

Mawaƙan garin nan ba su bar sabon abin ya wuce ba. Sarkin Zazzau Aliyu Ɗansidi, wanda ya yi sarauta daga 1903 zuwa 1920, ya rubuta Waƙar Diga a kan aikin hanyar jirgi. Malam Aliyu Namangi, mai Imfiraji, ya yi Waƙar Keke. Ina yawan tunani a kan wannan: makaho ne, bai taɓa ganin keke da idonsa ba, amma abin ya dame shi har ya zauna ya tsara masa baitoci. Haka sabon abin hawa yake girgiza gari.

Wannan keken zinariya na sarkin Ingila fa?

An kammala shi a 1762 zamanin Sarki George na Uku. Katako ne aka shafe da zinariya, nauyinsa ya kai tan 4, dawaki 8 ke jan sa, kuma saboda nauyin ba ya wuce saurin mai tafiya a ƙasa. A cikinsa Sarki Charles ya koma fada bayan naɗinsa ranar 6 ga Mayu, 2023. Mahaifiyarsa da bakinta ta ce zama a cikinsa ba daɗi, saboda jijjiga.

Shugabanninmu ma sun ɗana kekunan fadar, ko da yake ba wannan na zinariyar ba. Janar Yakubu Gowon, wanda a Wusasa ya tashi, ya zauna gefen Sarauniya cikin keken doki a Landan a 1973, Alhaji Shehu Shagari kuma a 1981. Ita kuwa da ta zo Kaduna a 1956, da hawan daba aka tarbe ta. Kowa da irin karimcin gidansu.

Idan sarki ya shiga keken doki ranar hawa, darajar hawan ta ragu?

Mutane sun rabu a kan wannan, ni ma ina da ra'ayi. Wasu sarakunan Arewa, musamman idan shekaru sun ja ko jiki ya yi nauyi, sukan zagaya gari a keken doki. Ban ga laifi ba. Awa uku ko huɗu a kan sirdi, cikin rana, da alkyabba da rawani, ba ƙaramin aiki ba ne ko ga mai shekara arba'in. Gara talakawa su ga sarkinsu a keke da a ce musu bana ba hawa.

Amma ba zan ɓoye ba, akwai abin da ake rasawa. Mai doki a fili yake tun daga kan rawaninsa har likkafa. Idan 'yan bindiga suka saki harbi dokin ya zabura, dubban idanu na kallon hannunsa a kan linzami. Idan ya firgita an gani, idan ya natsu an gani. Zagage na gabansa, mai laima na gefensa, dogarai na cewa "Taka lafiya, hattara, gyara kintsi," amma babu mai iya zama masa a kan sirdin. Ka tsaya a Babban Dodo ranar hawan Daushe ko hawan Bariki ka dubi hakimai ɗaya bayan ɗaya. Za ka ga mai kayan doki na miliyoyi yana zaune kamar an ɗora buhu, ka ga wani dattijo da tsohuwar jalala da ta kwana biyu, amma da ya ɓullo sai ka ji hayaniya ta ragu. Wannan shi muke kira kwarjini. Keke kuwa yana rufe rabin jikin mutum, wani ne ke riƙe da linzami, na ciki ɗaga hannu kawai ya rage masa.

A ganina nan ne bambancinmu da Turai yake. Su attajirinsu ya sa darajarsa a jikin akwati: fenti, tambarin gida a ƙofa, yawan dawaki, barori a tsaye a baya. Mu namu dole ya ɗauke ta a kafaɗarsa.

Yaya marubuta suka yi amfani da keken doki a littattafai?

A littattafan Ingila na ƙarni na 19, keke shi ne takardar shaidar arziki. A wurin Jane Austen, da an faɗi irin keken da saurayi ya zo da shi da yawan dawakinsa, mai karatu na lokacin ya san abin da yake samu a shekara, kamar yadda uwar budurwa a yau take leƙen irin motar da aka ajiye a ƙofar gida. A tatsuniyar Sindarela kabewa ce ta zama keke, ɓeraye suka zama dawaki, sha biyun dare na yi komai ya koma yadda yake. Darajar aro ce, mu ma mun san kayan aro ba ya rufe katara.

Wurin da ya fi tsaya mini a rai yana cikin littafin Charles Dickens na 1859 a kan juyin juya halin Faransa. Wani basarake ya sa a yi gudu da kekensa a lungunan Faris, ya take yaro ya mutu. Ya leƙo, damuwarsa ko dawakinsa sun ji ciwo, ya jefa wa uban yaron tsabar zinariya ɗaya ya ce a ja. Duk wanda ya taɓa tsalle ya faɗa kwata don jerin gwanon wani babba ya wuce, ba ya bukatar a yi masa sharhin wannan shafin.

Namu adabin na doki ne. Littattafan da aka riƙa shiryawa a garin nan tun shekarun 1930, lokacin da Abubakar Imam ya zauna ya rubuta Magana Jari Ce, cike suke da sarakuna da barade a kan sirdi. Yaron da ya karanta Iliya Ɗan Maiƙarfi zai iya manta sunayen mutane da yawa a ciki, amma ba zai manta dokinsa Ƙwalele ba. Makaɗan fada ma idan za su wasa gwarzo, da zamansa a kan doki da takunsa suke farawa. Karin maganarmu ta bi sahu: mai fushi ya hau dokin zuciya, dokin mai baki ya fi gudu. Da zamani ya juya sai ta sauya abin hawa, aka ce wanda ya hau motar kwaɗayi a tashar wulaƙanci zai sauka.

Malam, ashe taƙama ba haramun ba ce?

Alƙur'ani ya yi magana a kan tafiya ƙarara. A Suratul Isra'i aya ta 37 an hana tafiya a bayan ƙasa da girman kai, aka tuna wa mutum ba zai tsaga ƙasa ba, ba zai kai tsawon duwatsu ba. A Suratu Luƙman aya ta 18 da 19 uba ya yi wa ɗansa wasiyya da kada ya karkatar da kunci ga mutane, ya tsakaita tafiyarsa, ya sassauta muryarsa. A Suratul Furƙan aya ta 63 an siffanta bayin Mai Rahama da masu tafiya a ƙasa cikin sauƙi.

Sai dai sauƙin nan ba shi ne langaɓewa ba. Masu siffanta Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, sun ce yana ɗaga ƙafa da ƙarfi, kamar mai gangarowa daga tudu. Ranar Uhudu kuma, da Abu Dujana ya ɗaura jan ƙyallensa yana taƙama tsakanin sahu biyu, an ruwaito Annabi ya ce tafiya ce da Allah ba ya so sai a irin wannan wuri. A Suratun Nahli aya ta 8 an ambaci dawaki da alfadarai da jakuna, aka ce don ku hau su kuma su zama ado. Adon hawa halal ne ke nan. Abin da aka hana shi ne raina na ƙasa.

Hausa ma ta rarrabe. Natsuwa, kamun kai, kwarjini da cika ido yabo ne. Fankama, tinƙaho, ɗaga hanci da jiji da kai zargi ne. Taƙama da ƙasaita suna tsakiya, sai an duba wa ya yi, a ina, kuma a gaban wa.

Mata fa?

Tafiyar mace tana da nata sunayen, rangwaɗa da yanga da yauƙi, kuma mawaƙa sun ƙarar da baitoci a kansu. Amma mafi kyawun tsayuwar da na sani ta 'yar Fulani ce mai tallan nono, da ƙwarya uku a kanta, ta taso daga ruga tun asuba, wuyanta a miƙe, ba ta taɓa kayan da hannu. A makarantun 'yan matan Turai na dā littafi ake ɗora musu a ka don su koyi abin da ita aiki ya koya mata.

A bikin dā, a wurare da dama, a kan doki ake kai amarya. Wani lokaci wata yarinya ake yi wa ado a ɗora a kai, ana kiranta amaryar boko, ta gaskiyar kuma a bi da ita a ɓoye. Yau jerin motoci ya maye gurbin, kuma gudun da samari ke yi da su ranar kai amarya ya sa gidaje da yawa zaman makoki a makon biki. Wannan abu yana ci mini rai ƙwarai.

Wane ne magajin keken doki a titunanmu?

Biyu ne. Na talaka shi ne Keke Napep, wanda ya samo sunansa daga shirin rage talauci na gwamnatin tarayya na 2001, Kanawa kuma suke ce masa Adaidaita Sahu. Shi ne keken haya na zamaninmu, daga Ƙofar Doka zuwa Tudun Wada, daga Kwangila zuwa Samaru. Na mai hali kuwa ita ce babbar mota mai baƙin gilashi, wadda ta ma fi keken Turai ɓoye mai ita.

Wata damina ina tafe a ƙasa zuwa masallacin Juma'a da fararen kaya, wata irin wannan motar ta shiga ruwan da ya kwanta a titi ta wanke ni tun daga hula. Ba ta tsaya ba, ban ga fuskar kowa ba. Abin da ya dame ni ya wuce kayan. Da mai doki ne ya fantsama mini laka, dole mu haɗa ido, dole ya ce "Sannu Malam, yi haƙuri," domin ni da duk unguwa mun san ɗan gidan wane ne. Kunya tana bukatar fuska, gilashin ya ɗauke ta.

Amalanke tana da sauran amfani, ko ta zama kayan tarihi?

Fita bayan gari ta hanyar Giwa ko Soba ranar kasuwa ka ƙirga da kanka. Tsadar mai ta ƙara mata daraja. Masu walda na haɗa ta da tsohon ƙarfen ƙafar mota da tayoyinsa, ba ta shan fetur, abin jan ta kuma yana ba da taki. A cikin gari 'yan ga-ruwa da kurarsu da masu baro a kasuwar Sabon Gari su ne ke riƙe da rabin hidimar gidajenmu.

Roƙona ga masu ita shi ne tausayin dabba. A daidaita kaya a kan ƙafafun amalanken don kada nauyi ya danne wuyan sa ko ya ɗaga jaki sama. A sa tsumma inda karkiya ke gugar fata. A shayar kafin rana ta take, a huta da azahar. Jakin ma yanzu neman gagara yake, saboda ana yanka shi don fatarsa da ake kaiwa Sin, har Tarayyar Afirka ta hana wannan yankan a Fabrairun 2024.

Ɗana ya matsa sai ya yi hawa bana. Me zan fara koya masa?

Kada ka fara da ɗinka masa kaya. Kai shi wurin mai kula da dawaki ya yi makonni yana share turke, yana ba da ciyawa da dusa, yana wanke dokin, har dabbar ta san warinsa. Bayan nan ya koyi ɗaura sirdi da kansa, ya san yadda ake gwada majanyi kada ya yi sako-sako. Sai ƙilisa da yamma a fili, da babba a gefensa.

Zaman kansa ga yadda kakana ya koya mini. Baya a miƙe ba tare da sandarewa ba, kafaɗa a sake, dunduniya ƙasa a cikin likkafa, ido a kan hanya can gaba, ba a kan kunnen doki ba. Linzaminmu na gargajiya yana da kaifi, fizga ɗaya na iya fasa bakin doki, saboda haka da yatsu ake magana da shi. Ƙaimi kuwa kada a ba yaro sai ya shekara yana hawa.

Ya koya mini wasu abubuwan da a lokacin na ɗauka ba su shafi hawa ba. Idan ka zo wucewa ta gaban dattawa ka rage tafiya, kai za ka fara sallama domin kai ne a sama. Idan malaminka ne ko sa'an mahaifinka, ka sauka. Ba a sukuwa a lungu, ba a ratsa masu jana'iza. Idan kun dawo gida, ko yunwa na cinka, sai ka kwance sirdi, ka goge masa gumi, ka bari ya huce ka ba shi ruwa, sannan ka shiga ciki a zuba maka tuwo.